Ranar da Gwani Ya Sauko Daga Wata Duniya

Duk layin babu wanda ya raɗa masa suna Gwani. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a ƙofar gidansa don kada a manta. Sana'arsa ta gaskiya rubutun allon shaguna ce da fentin ƙyaure, amma in kana so ka ɓata wa kanka yini, kira shi mai fenti. Nan take zai ajiye buroshi, ya damƙi gemu, ya shiga yi maka bayanin bambancin mai fenti da mai fasaha, har sai ka tuno kana da uzuri a wani wuri.

Gemun nan kuwa, kai, abin kallo ne. Ya sauko har ƙirji, baƙi sidik, kullum cikin mai da taza. Gwani ya ce a cikinsa basirarsa take kwana. Mai askin da ke jikin gidansa kuwa, duk sanda gemun ya gifta ta ƙofar shagonsa sai ya bi shi da kallo yana kaɗa almakashi a iska.

Rigimar gidan Gwani guda ɗaya ce: ɗakin gaba, mai taga a bakin titi. Ya cika shi da gwangwanayen fenti busassu da katakon da bai taɓa zama komai ba, ya sa masa suna ɗakin tunani. Matarsa kuma tela ce, keken ɗinkinta na maƙale a lungun kicin tsakanin risho da bokitin wanke-wanke. Duk rigar da ta ɗinka sai mai ita ta dawo tana cewa tana warin albasa.

Ran nan sai Gwani ya shigo gida yana haki.

"Uwar yara, ajiye allurar nan! Lokacina ya yi. Gidan baje kolin zane-zanen nan na cikin gari zai yi taro a kan halittun da ido ba ya gani: aljanu, ruhohi, da baƙin da ke zaune a wasu duniyoyi. Kowa ya kawo nasa. To ni zan kai musu baƙo daga sama, tsayin mutum, har da yatsa yana nuna garinsu."

"Ka taɓa ganinsa ne?"

"Mai fasaha ba da ido yake gani ba."

"Na lura," in ji ta. "Shi ya sa ka rubuta wa mai kifi allonsa a kife."

"Wannan salo ne!"

Ta tsayar da keken, ta juyo. "Baban yara, mu yi ta ta ƙare. In aka kira sunanka a gaban jama'a aka ce aikinka ya karɓu, ɗakin gaba naka ne har abada, ba zan sake buɗe baki ba. In ba a kira ba, ranar nan kekena zai kwana a ciki."

Gwani ya yi dariya har gemu na rawa. Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa mai aski kira, ya kira Gwaggo, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu, ya ce su zo su zama shaidu. Suka shaida. Mai aski har da tambayar ko ɗakin yana da wurin jona wuta, don keken.

Dabarar da Gwani ya ƙulla a waya ya gan ta. Wasu masu sassaƙa ne suke jiƙa ƙyallaye a cikin filasta, farin garin nan da ake ƙawata silin da shi, su naɗe mutum mai rai, in ya bushe su ɓare shi gida biyu, mutumin ya fito, ɓawon ya zama mutum-mutumi. Sai dai Gwani ba ya kallon farkon bidiyo. Ya ce farko na 'yan koyo ne. Ya tura shi gaba zuwa inda ake tafi. To a farkon nan da ya tsallake ne ake shafe mutum da man shafawa tun daga kai har ƙafa, a kuma rufe duk wani gashi da leda.

Ya nemi wanda za a naɗe. Ƙanin matarsa, direban motar ɗaukar kaya, ya ce shi matarsa ba ta gaji da shi ba tukuna. Mai aski ya ce yana da iyali. Gwani ya ce dama duk layin babu mai surar da ta dace sai shi.

Da safiyar ranar taron ya shanye butar shayi guda don basira ta motsa, ya dama filasta a baho. Ya duba ya ga ta yi masa ruwa-ruwa, sai ya juye gam ɗin kafinta a ciki. Ya ƙara da siminti kofi guda, wai don tarihi. Ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ya cusa bututun biro biyu a hanci don numfashi, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya ɗaga hannun dama da yatsa sama.

"Naɗa, uwar yara. Ki bar min ramin ido kawai. Kome kika ji, kada ki tsaya."

"Har bakin?"

"Har bakin."

Wallahi ba ta taɓa yin wani aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Ta fara da bakin. Sannan ta bi jiki da ƙyallayen shagonta, tana ja tana ɗamewa, irin naɗin tela wanda ba ya barin ko iska ta wuce. Gemun ta kwantar da shi a ƙirji ta bi shi da ƙyalle har hawa uku. Da ta gama sai ɗakin ya yi tsit. Ta tsaya tana saurare, can ta ce, "Ashe agogon nan yana ƙara."

Filasta ta ɗauki zafi, ta kama. Gwani ya ji daɗi, ya ce a ransa aiki yana kyau. Da lokacin ɓarewa ya yi, matar ta zura almakashi ta gefen wuyansa ta ɗaga kaɗan.

"Mmmmm!"

Ta saki. Ta gwada ta ƙauri. Ya sake wata ƙara ta hanci har bututun biro ɗaya ya yi fito. Babu gashin jikinsa ko sili ɗaya da filasta ba ta riƙe ba, tun daga gira har yatsun ƙafa.

"Baban yara, ka manne. In kira mai aski?"

"Mm-mm! Mm-mm!"

"To rana ta yi, ga ƙanina can yana hon. Ko dai in share ɗakin in shigo da keke, ko mu kai ka haka. Wanne?"

Gwani ya yi tunani iyakar yadda mutum zai iya tunani da biro a hanci. In ya zauna, ɗaki ya tafi. In ya je, wa zai sani? A kira sunansa, a yi tafi, jama'a su watse, sannan a san yadda za a yi. Har ya fara ganin wannan ma wata basira ce.

"Mm," in ji shi.

"A kai ka?"

"Mm."

Ta ja baya ta ƙare masa kallo, ta ce ita ba za ta fita da abu fari fat haka ba, sai a ce majinyaci ne. Ta ɗauko ragowar koren fentin ƙyaure ta shafe shi. Ta manna masa maɓallan riga a jere a ƙirji, ta ɗaura masa tsohon zif a goshi, ta kifa mazurari a ka. Idanun da suke ta zarewa ta rufe su da rariyar shayi biyu. Gwani yana ta gurnani, don duk wannan ba ya cikin tsarinsa.

Direba ya shigo, ya yi turus. "Yaya, ina mijin naki?"

"Yana kusa," in ji ta. "Kama ƙafa."

Ba ta faɗa masa ba. Ta ce a ranta Gwani ne ya zaɓi rufin asiri, ba ita za ta tona ba.

Ƙofa ta ƙi hannun da ke sama. Suka kwantar da shi, kai ya bugi dokin ƙofa, gwaf. Suka juya shi, gwiwar hannu ta bugi bango. Direba ya ce a karya hannun a sake mannawa a can. Mutum-mutumin ya saki wani nishi. Direba ya sake shi, tim, ya yi tsalle gefe.

"Yaya, ya yi magana!"

"Iska ce a ciki. Ɗauka."

Kafin su fito da shi layin ya cika. Gwaggo ta dafe ƙirji tana neman tsari.

"Na faɗa! Na ce yaron nan ba shi kaɗai yake surutu a ɗakin nan ba. Ga shi ya yi musu jiki sun shiga."

"Haba Gwaggo, ba aljani ba ne," in ji mai aski. "Mutumin sama ne. Ba ki ga eriya a hancinsa ba?"

"To in na sama ne, me ya zo nema a layinmu? Mu da ko ruwan famfo ba mu da shi?"

"Wataƙila ɓatan hanya ya yi."

"Baƙo dai ba ya shigowa babu sallama," in ji Gwaggo. Ta koma gida da sauri, ta fito da kaskon turare a hannu, ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba za ta bari a kai wa bayin Allah wannan abu ba tare da an yi masa hayaƙi ba. Mai aski ma ya rufe shago, ya soke almakashi a aljihu don shi ba ya fita babu shi, ya ce a matsayinsa na shaida dole ya je.

Aka ɗaure Gwani a tsaye a bayan mota da igiyar da ake ɗaure katifa. Direba ya rataya hularsa a yatsan da ke nuna sama. Rana ta buɗe, filasta ta ɗau zafi, gumi ya rasa hanyar fita sai ya dinga taruwa a ƙafa. Duk ramin da ke hanyar nan sai da Direba ya gaisa da shi. A nan ne kuma shayin safe ya fara tuna wa Gwani cewa yana nan.

Gidan baje kolin wani dogon zaure ne mai fararen bango da sanyin na'ura. Shugabar wurin mace ce mai faffaɗan tabarau, tana tafe tana magana ƙasa-ƙasa. Ta cikin rariya Gwani ya hango sauran ayyukan. Ga wata kujera babu kowa a kai, an kewaye ta da igiya, wai kakan mai aikin ne yake zaune. Ga rediyo a rataye tana shuuu, wai saƙo ne daga taurari. Ga wani madubi da aka rubuta a ƙasansa, "Kai ne baƙon." Gwani ya ce a ransa, "Yara! Yau za ku ga aiki."

Mai Tabarau ta zagaya shi a hankali. Ta zare hular Direba daga yatsan, ta sake mayarwa, ta ce da hular ya fi. Ta sa aka tsayar da shi tsakiyar zauren a kan wani ɗan dandamali.

Jama'a suka cika, duk suka yo kansa. Wani mai dogon gashi ya ce wannan kukan ɗan gudun hijira ne. Wata ta ce a'a, ruhun kakanni ne yana nuna inda za mu koma. Wani ya ce shi dai ya yi masa kama da surukinsa. Ana cikin haka cikin Gwani ya yi ƙugi, ƙululululu, ɓawon filasta ya ƙara masa amo.

"Har da sauti!" in ji Mai Tabarau. "Ku yi shiru, ku saurari harshensu."

Zaure ya yi tsit, manyan mutane suka karkata kunne suna sauraren shayi yana yawo. Wata har da share hawaye. Gwani ya ji kansa ya kumbura, sai dai babu wurin kumburin.

Mai aski da Direba suka jingina da dandamalin, daidai ƙafarsa.

"Ina shi gogan?" in ji mai aski. "Ranar da ya kamata ya cika mana kunne, ya ɓace."

"Bar shi inda yake, don Allah. Ka ga wannan?" Direba ya ƙwanƙwasa cinyar mutum-mutumin. "Da a ce shi yayata ta aura, da mun huta. Ga tsayi, ga kunya, ga shiru."

"Kuma ba ya rubuta allo a kife."

"Ni fa ban yarda shi ya yi ba. Dubi naɗin nan. Gwani da ko maɓallin rigarsa ba ya sawa daidai?"

Gwani ya so ya mutu don haushi. Ga amsa cike da baki, har kala uku, babu ƙofar fita. Ga wata tururuwa da ta samu hanya ta ramin ido tana gangarawa bayansa a natse. Ga mara ta cika taf. Ya dinga ce wa kansa: a kira suna kawai, a kira suna kawai.

Can Mai Tabarau ta ɗauki makirufo. Ta ce a duk ayyukan da aka kawo babu wanda ya kama ma'anar taron kamar wannan: baƙon da ke tsakaninmu, yana jinmu, ba ya iya ce mana komai. Ta ce an karɓe shi, kuma zai zauna a zauren nan wata guda cur, a kulle, babu mai taɓa shi.

Wata guda! Gwani ya ji tururuwar ma ta tsaya.

"Wane ne mai aikin? Ya fito."

Babu wanda ya fito. Ta sake tambaya. Direba ya nuna yayarsa ya ce daga gidanta ya ɗauko.

"Baiwar Allah, wa ya naɗa ƙyallayen nan?"

"Ni ce."

"Fentin fa?"

"Ni."

"Rariyar nan ta ido, da mazurari?"

"Daga kicin ɗina suke."

"To me kike jira? Matso, faɗa min sunanki."

Matar ta ɗaga kai ta dubi rariyar nan biyu. Allah ya sani ta ba shi dama. Ta ce, "Ko akwai mai magana?" Ta jira. Gwani ya tattaro duk ƙarfinsa ya ce, "Mmmmmm!"

"Kun ji ko," in ji Mai Tabarau, "shi ma ya amince."

Matar ta faɗi sunanta, makirufo ya maimaita shi, zaure ya ɗauki tafi. Mai aski ya fi kowa, yana cewa shi shaida ne.

Gwaggo kuwa tun da ta ji gurnanin nan na ƙarshe ta ce magana ta ƙare. Ta lallaɓa ta bayan jama'a, ta hura kaskonta, ta zuba turare mai yawa, ta kai shi daidai ƙarƙashin bututun biro.

"Fita! Ko kai na ƙasa ne ko na sama, koma inda ka fito!"

Hayaƙi ya bi bututu ya haye. Gwani ya riƙe, ya riƙe, ya kasa. Atishawar da ya yi, biro ɗaya ya tashi ya bugi rediyon taurari, ɗayan ya faɗa kofin wani baƙo. Mutum-mutumin ya yi gaba, ya yi baya, ya tafi gaba ɗaya ya rungumi ƙasa, rim!

Ɓawon ya tsage tun daga wuya har ƙafa, ya tafi da duk gashin da ya riƙe. Abin da ya miƙe daga cikin ɓaraguzan wata halitta ce fara fat da ƙura, jiki sumul babu gashi, da gajeren wando, da ƙaton koren kai mai mazurari, da allon filasta yana reto a ƙirji inda gemu ya riƙe shi. Ta buɗe hannuwa tana ihu ta hanci, ta zabura tana neman banɗaki.

Kowa ya yi ta kansa. Mai dogon gashi ya haye kujerar kakan mutane. Wadda ta yi hawaye ta bi ta taga. Direba ya manta yana da mota, ya wuce ta da gudu. Gwani kuwa, da yake rariya ta karkace, ya yi karo da madubin nan, ya ga abin da ke ciki, shi ma ya kurma ihu ya juya da baya.

Matarsa ce ta kama shi ta hannu ta kai shi ƙofar banɗaki. Da ya fito, ta zaunar da shi a bakin dandamali.

"Baban yara, yanzu fa? In kira mai aski?"

Ya shafa allon filastar da ke reto a ƙirjinsa. Sannan, can ƙasa, ya ce, "Mm."

Mai aski bai jira an kira shi sau biyu ba. Ya zaro almakashi, ya yi bisimilla cike da murna. Ya zura ta ƙarƙashin haɓa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Gemu ya tafi, gashin baki ya bi shi, gira da sumar kai suka raka su. Aka ɗage koren kan. Jama'ar da suka fara leƙowa ta ƙofa suka ga wata 'yar fuska ƙarama mai sheƙi, da 'yar haɓa kamar ta jariri, wadda ko matarsa ba ta taɓa gani ba.

Gwaggo ta matso ta leƙa shi. "Na faɗa muku akwai wani a ciki."

"Gwaggo, ni ne fa! Gwani!"

"Ƙarya kake. Gwani na da gemu. Muryarsa ka sata." Ta ƙara masa hayaƙi.

Mai Tabarau ta fito daga bayan labule tana tafi ita kaɗai. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin aiki mai rai irin wannan ba: baƙo ya fashe, sai ga maƙwabci a ciki, kuma maƙwabtansa sun ƙi shi.

Gwani ya miƙe, bakinsa ya dawo. "Yauwa, Hajiya! Abin da na shirya ke nan tun farko! Ni ne mai aikin. Ni na tsara, ni na dama, ni na tsaya. A gyara sanarwa, a kira sunana!"

"Kai ne na ciki?"

"Ni ne!"

"To ai mu ba ma kiran sunan kayan aiki, malam. In mun kira naka, sai mun kira na rariya." Ta juya wajen matar. "Muna da wani taron nan gaba. Za ki iya yi mana irinsa?"

Matar ta kama haɓar mijinta ta juya ta dama, ta juya ta hagu, irin yadda take duba yadi kafin ta yanka.

"Zan iya," in ji ta. "Sai dai a ba ni lokaci, kayan aikin ya tsiro."

Da yamma Direba da mai aski suka ɗauko keken ɗinki daga kicin suka shigar da shi ɗakin gaba, suka ajiye shi daidai taga. Gwangwanayen fenti suka koma lungu tsakanin risho da bokitin wanke-wanke, Gwani yana zaune a kan ɗaya. Ya kai hannu zai kama gemu don ya yi wa Direba bayanin cewa dama mai fasaha ya fi samun tunani kusa da wuta, hannun ya damƙo iska.

Daga ɗakin gaba matar ta ɗaga murya. "Baban yara, in ka huta ka rubuta min allo a ƙofa. Tela kuma mai fasaha."

Keken ya fara ƙara, sannan ya tsaya.

"Kuma a miƙe," in ji ta.